Daga Damagaram zuwa inda manmu ke shiga teku

Ɗaurin aure ne ya fitar da ni daga Damagaram bayan ƙaramar sallar 2025. Ƙanena da ke zaune a Zangon Kwatano, a ƙasar Benin, zai aurar da 'yarsa ta fari, kuma tun rasuwar mahaifinmu ni ne babba, ba yadda za a yi a ɗaura ba ni. Hanyar da kowa ya sani ita ce Maraɗi, Ƙonni, Dosso, Gaya, a haye gada a faɗa Malanbil. To amma gadar a rufe take tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai dai kwale-kwale. Na ce tunda ta ko'ina sai an sha wuya, bari in zagaya ta Najeriya in ga ɗan yata da ke tuƙin siterni, wato motar dakon mai, a Ikko. Uwarsa ta daɗe tana damuna in je in gano mata ko ƙibar da yake nunawa a hoto ta gaske ce.

Bayan sallar asuba muka bar tasha a wata tsohuwar Hiace da aka loda har rufinta, jika bakwai, wato sefa dubu bakwai, zuwa Kano, kuɗin kaya daban. Kayana ba yawa: kilishi, dabino, da turmi biyu na atamfa da matata ta ɗaure wa amarya. Na gaya mata daga kasuwar Dantokpa ta Kwatano ake kawo mana atamfar nan, ta ce ba ruwanta, haka za a mayar da ita.

Daga Matamaye zuwa Ɗan Barto na lura kwalaben fetur na bakin hanya sun ragu ƙwarai. Kafin Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023, daga can ake kwararo mana shi. Yanzu direbanmu a Damagaram ya cika tanki a kan sefa 499 kowace lita, duk da layin da ya sha, ya ce ya fi masa sauƙi. A Ɗan Barto da Kwangwalam aka sauke mu, aka duba katin ɗan ƙasa, kowa ya ajiye abin da aka saba ajiyewa, muka wuce. Na canza kuɗi a nan, jika ɗaya ta ba ni sama da naira dubu biyu, aljihu ya kumbura, amma kafin in bar Kano ya sace. Daura, Kazaure, sai ga mu a Ƙofar Ruwa da azahar.

Tafiyar Kano zuwa Ikko ba abin ba da labari ba ce: babbar bas, naira dubu arba'in da biyar, ƙafa a lanƙwashe, shingen masu kaki kamar ba za su ƙare ba. A Lakwaja, inda Binuwai ke haɗuwa da Kwara, muka tsaya salla da cin abinci, kuma daga nan iska ta sauya. Zafin Damagaram na watan Afrilu ƙona mutum yake, amma gumi na bushewa. Na kudu kuwa riga yake manna maka a baya, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba.

A Agege na sauka. Ɗan yata yana raba ɗaki ɗaya da wasu direbobi biyu, ɗan Tasawa da ɗan Haɗeja, suka bar mini katifa su suka koma tabarma. Ƙibar ta gaske ce. Unguwar kuwa in ka rufe ido sai ka rantse a Sabon Garinmu kake: mai shayi, mai tsire, mai yankan farce, duk Hausa. An sa mini amala da miyar ewedu, na ci don kunya, daga baya na nemi tuwon masara da kuka wurin wata Bazazzagiya. Da daddare aka yi ruwa na ƙasa da awa guda, da safe sai da muka naɗe wando kafin mu kai masallaci. Ni da na baro gari inda mata ke kwana a layin famfo, abin ya tsaya mini a rai.

"Kawu, gobe ina da lodi a Lekki," ya ce da ni. "In za ka iya sammako, zo ka ga matatar man Dangote da ake faɗa."

Na iya. Hanya ce mai nisa gabas da birni, teku a hannun dama, tabkin Ikko a hagu, tsakaninsu ƙasa shimfiɗaɗɗiya da ba ta fi ruwan tsawo da wani abin kirki ba. Aikina awon fili ne, na daɗe ina kafa borni, wato alamar iyakar fili, a sababbin unguwannin bayan gari, don haka duk inda na je idona kan tudu da gangare yake fara sauka. A nan ban ga tudu ba sam. Fadama ce, da kwakwa, da sababbin gidaje da aka ɗora a kan cike.

Ba a barin baƙo ya shiga matatar, sai na zauna wurin wani mai shayi, mutumin Gumel, inda manyan motoci ke jira. Daga nan ma mutum yana ganin abin da ya ishe shi. Tamu ta SORAZ, da ke kan hanyar Tanut wajen kilomita 50 daga gari, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011, ganga dubu 20 take tacewa a rana, kuma mu a wurinmu babbar aba ce. Ta Dangote, da aka ƙaddamar a Mayun 2023, an gina ta don ganga dubu 650. Ka ninka tamu sau talatin, ba ka kai ba.

Mai shayin ya ce leburanci ne ya kawo shi tun ana sharar wuri. "Alhaji, wurin can da kake hange, da sai da doguwar takalmin roba muke shiga, wani wajen ma sai kwale-kwale. Jirage ne suka yi ta zuƙo yashi daga cikin teku suna fesowa ta bututu, dare da rana, har ƙasa ta tashi." Kamfanin da kansa ya ce yashin ya kai mita kubik miliyan 65, kuma an ɗaga filin da mita ɗaya da rabi saboda tsoron hauhawar teku nan gaba. Manyan jiragen ɗanyen mai ma ba sa matsowa gaɓa. Can cikin teku aka kafa musu wuraren ɗaurewa, bututu na bin ƙarƙashin ruwa yana kawowa.

Mita ɗaya da rabin nan na yi ta juyawa a raina ina shan shayi. Masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya sun auna cewa daga 1901 zuwa 2018 teku ya ƙaru da kimanin santimita 20, kuma saurin yana daɗuwa: tsakanin 2006 da 2018 ya kai milimita 3.7 a shekara. Dalili biyu ne manya, ruwa yana kumbura idan ya ɗumama, ƙanƙarar duwatsu da ta ƙarshen duniya kuma tana narkewa tana zuba a ciki. Ɗumamar kuwa daga hayaƙin kwal da gas da wannan man ne. A majalisarmu ta bakin Kasuwar Dole har gobe akwai mai cewa zancen sauyin yanayi tatsuniyar Turawa ce. Mai matatar dai bai tsaya gardama ba, da zai zuba dukiyarsa sai da ya fara biyan kuɗin yashi. Ƙauyukan masunta da ke kewaye kuwa suna nan a tsawon da Allah ya bar su, kuma duk mai awo ya san inda ruwa ke nufa idan maƙwabci ya ɗaga filinsa.

Kafin in bar Ikko na matsa a kai ni Bar Beach, don tun ina yaro nake jin sunan a bakin fatakenmu. Nan ne ake ɗaure 'yan fashi a jikin durom a harbe su a bainar jama'a a shekarun 1970. Muka bi Titin Ahmadu Bello a Victoria Island, ina ta leƙe, ban ga ruwa ba. Inda teku yake a da, yanzu fili ne fetal da dogayen benaye jefi-jefi. Shi ne Eko Atlantic, sabon gari na kimanin murabba'in kilomita 10 da aka ƙwato daga ruwa da yashi, aka kare shi da katangar duwatsu da curin kankare masu nauyin tan biyar-biyar, wadda aka tsara za ta kai kilomita 8.5.

Asalin matsalar wurin ya girmi kakana. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan Ingila suka gina dogayen shingayen dutse a bakin mashigar tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe ta. Igiyar ruwa a wannan gaɓa ba kai tsaye take zuwa ba, a karkace take dukan ƙasa, don haka kullum tana tura yashi daga yamma zuwa gabas. Da aka tare shi, sai ya taru a yammacin shingen, gabashinsa ya rame, teku ya yi ta cin Bar Beach shekara da shekaru har ya riƙa hawa titi. Wanda ya taɓa aikin kafe tudun rairayi a wajen Gure ko Gudumariya ya san wannan: ka kafa shinge, rairayi ya tsaya a gindinsa, amma iska ba ta fasa aiki, gaba take yi ta kwashi na wani.

Wanin a nan shi ne Okun Alfa, wani ƙauyen bakin teku a gabas, kan hanyar Lekki. A can na tsaya gaban ruwan sosai. Na taɓa ganin teku a Jidda, amma wancan a kwance yake, wannan kuwa ruri yake yana jefo kumfa, ƙasa na motsi a ƙarƙashin ƙafa. Wani dattijo ɗan Dogon Dutsi da ke gadin wani gida ya nuna mini kututturen kwakwa a cikin ruwa, ya ce tsakaninsu da inda muke tsaye a da akwai titi da rumfuna. Mutanen ƙauyen suna cewa tun da aka fara katangar Eko Atlantic cin ya ƙaru. Masu aikin sun musanta, sun ce dama can yana ci. Ni ba alƙali ba ne. Abin da idona ya gani shi ne a wuri ɗaya curin kankare mai tan biyar, a ɗaya wurin buhunan yashi da tsofaffin tayoyi. A tsakaninsu kuma ana ta aikin sabon titin bakin teku na Ikko zuwa Kalaba, mai kilomita 700, da aka fara a 2024, shi ma a kan cike.

Daga Mile 2 na shiga motar Seme. Tafiyar ba ta da nisa, amma daga Badagry zuwa iyaka shinge ne bayan shinge, wani kana tsaye a kansa kana hangen na gaba. Katina na Nijar ya jawo mini magana. Wani mai kaki ya juya shi ya ce ai mun fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, tun Janairu, me ya kawo ni. Na ce ƙungiyar da kanta ta sanar za a ci gaba da karɓar takardunmu. Ya ce shi ba ƙungiya ba ne. Naira dubu biyar ta raba mu, bayan na sha tsayuwa a rana. A babban ginin iyaka na Seme-Krake, wanda ƙasashen biyu suka buɗe tare a 2018, ba a ɓata mini lokaci ba. Da na tsallaka kuma, kuɗi ya koma sefa, allunan hanya suka koma Faransanci, sai na ji kamar na iso gida. Jika biyu zuwa Kwatano. A hanya muka wuce filayen motocin gwanjo inda 'yan Nijar ke sayen mota. Direba ya ce tun da aka rufe gadar Malanbil kasuwar ta yi sanyi.

Aure ya ɗauru lafiya bayan sallar Juma'a a Zango, an raba goro da dabinon da na kawo. Na kwana a shagon ƙanena. Na ci kifi har na gaji, da akasa, da wata abarba doguwa, fara a ciki, da ban taɓa shan mai zaƙinta ba. Yawo kuwa a kan zemijan, kabu-kabunsu masu rigar ɗorawa, dala arba'in zuwa ɗari, wato sefa 200 zuwa 500, gwargwadon nisa da iya cinikinka.

A wurin walima na haɗu da wani tsohon abokin mahaifinmu, Baba Alhaji, mutumin unguwar Birni ta Damagaram, wanda ya zo Kwatano da fataucin shanu tun yana saurayi bai koma ba. Da ya ji sana'ata sai ya kama hannuna. "Ɗana, gobe ka zo, akwai filin da za ka auna mini." 'Ya'yansa suka yi dariya, ban gane dalili ba sai washegari.

Muka haye gada zuwa Akpakpa, gabashin gari, muka bi ta cikin unguwa har titi ya ƙare a kan tarin duwatsu. Baba Alhaji ya zaro takarda daga leda, tsohuwa amma tsaf, da hatimi da lambar fili da zanen kusurwa huɗu. Ya miƙa sandarsa wajen da igiya ke fashewa. "Ga shi can. Ɗaki huɗu na yi da rijiya. Layi biyu na gidaje ne a gabana, ina cewa ni na yi nisa da ruwa." Na duba takardar da idon aiki, babu kuskure ko ɗaya a cikinta. Na ce, "Baba, an biya ku wani abu?" Ya ce, "Wa zai biya? Teku za ka kai ƙara?"

Labarin Bar Beach ne aka maimaita. An gama tashar jiragen ruwa ta Kwatano a 1965, wadda shekara da shekaru ta cikinta shinkafarmu da motocinmu da yawancin kayan Nijar suka riƙa shigowa. Shingenta ya tare yashi, yamma ta samu sabon fili, gabas ta riƙa asarar sama da mita 10 a shekara a wasu wurare. Madatsar Akosombo a kan kogin Volta da ta Nangbeto a kan Mono suka rage yashin da koguna ke kawowa. Masu gini kuma suka yi ta kwasar na bakin teku da manyan motoci har gwamnati ta hana. Saboda haka in an ce hauhawar teku ce kaɗai ta ci gidan Baba Alhaji, ba a faɗi gaskiya duka ba. Hannun mutum ne ya fara, hauhawar tana ƙara wa kowace igiya tsawo ne a kan gaɓar da ta riga ta rame. Yanzu an jera shingayen dutse masu shiga cikin ruwa, an zuba yashi tsakaninsu, cin ya lafa a nan. Na tambayi wani masunci inda ya koma. Ya nuna gabas da haɓa.

Gabas ɗin kuwa ita ce Seme-Kpoji, kuma nan ne na fi son gani a duk tafiyar. A nan bututun ɗanyen manmu ya ƙare. Daga Kulele a yankin Agadem ya taso, ya ratsa jihohin Diffa, Damagaram, Maraɗi, Tawa da Dosso, ya shiga Benin, kusan kilomita 2,000, aikin kamfanin CNPC na Sin da reshensa WAPCO. An yi shi don ganga dubu 90 a rana. Mun ga lokacin da ake haƙa raminsa a jiharmu, yaran unguwarmu da dama sun yi leburanci a ciki, amma ban taɓa jin wani ya tambayi yadda ɗaya bakin yake ba.

Wani maƙwabcin ƙanena, ɗan ƙasar, shi ma mai awo ne, ya ɗauke ni a babur ɗinsa. Ba a matsawa kusa, akwai masu tsaro, daga nesa muka hangi manyan tankuna farare a bayan waya, a kan ƙasa mai yashi daf da ruwa. Daga tankunan bututu ya nutse ya yi kimanin kilomita 15 cikin teku zuwa inda jirgi ke ɗaurewa ya sha. Jirgin farko ya yi lodi a Mayun 2024, ganga wajen miliyan ɗaya, bayan taƙaddamar da ta sa Benin ta hana lodin na 'yan kwanaki saboda rufe iyaka.

Muka zauna a wata rumfa ya buɗe mini taswira a wayarsa, muna Faransanci. Ni a zatona teku fili ne da ba borni. Ashe ya fi Sabon Gari yawan layi. Gaɓar Benin duka ba ta wuce kilomita 125 ba, amma dubi abin da aka cusa a gabanta. Ga hanyar jiragen da ke shiga tasha da inda suke jira. Ga wurin lodin manmu da da'irar da aka hana kowa shiga. Dokar teku ta duniya ta 1982 ta yarda a killace har mita 500 kewaye da irin waɗannan gine-gine. Ga bututun gas na Afirka ta Yamma, mai kilomita 678, da ya taso daga Najeriya ya bi ƙarƙashin ruwa zuwa Ghana, wanda ankar wani jirgi ta fasa a gaban Lome a 2012, gas ya yanke kusan shekara. Ga tsofaffin turakun rijiyoyin man Seme, da aka haƙa daga 1982 zuwa 1998 aka bari suna tsatsa. Ga yankin Donaten da aka keɓe saboda kunkurun teku da ke zuwa yin ƙwai. Ga wayoyin intanet. Masunci da kwale-kwalensa kuma an ce ya nemi abincinsa a abin da ya rage.

"To wa ke fara zaɓa?" na tambaye shi.

Ya yi dariya ya ce, "Abokin aiki, kai ma ka sani. Wanda ya zo da yarjejeniya da kuɗi shi ake fara zana wa layi, sauran a gyara musu." Ya ce ba wai ba a komai ba ne. Benin ta yi dokar kula da gaɓar teku a 2018, kuma akwai shirin WACA na Bankin Duniya na kare gaɓar tekun Afirka ta Yamma, wanda a ƙarƙashinsa Benin da Togo suka haɗa aiki ɗaya daga Agbodrafo ta Togo zuwa Grand-Popo ta Benin, suka jera duwatsu suka zuba yashi, maimakon kowa ya kare nasa ya tura wa ɗan'uwansa. Bankin ya ƙiyasta lalacewar gaɓa ta ci wa Benin, Togo, Kodibuwa da Senegal dalar Amurka biliyan 3.8 a 2017 kaɗai. Najeriya ma ta kafa ma'aikata sukutum ta harkokin teku a 2023. Wannan haɗin na Benin da Togo shi ne abu mafi hankali da na ji a tafiyar, domin yashin bai san Seme-Krake ba balle ya tsaya a duba masa kati.

Sai ya jefo mini wata tambaya irin ta masu awo, wadda har yau nake taunawa. Iyakar ƙasa a teku daga layin da ruwa ke janyewa ake fara auna ta: mil 12 na ruwa mallakar ƙasa, mil 200 na dukiyar da ke ciki, kifi da mai da gas. To idan layin farko ya ja baya, na can ciki ma zai biyo shi ne? Rijiyar da ke gefen iyaka ta wa za ta zama? Ƙasashen tsibiran Pasifik sun riga sun sanar a 2021 cewa nasu layin ba zai motsa ba ko ruwa ya hau. Duk wanda ya tuna shari'ar Bakasi tsakanin Najeriya da Kamaru, da kotun duniya ta yanke a 2002, ya san layi a wurin da ake zaton mai ba abin wasa ba ne.

Mu 'yan Nijar mun saba cewa ba mu da teku, ba ruwanmu. A ganina wannan magana ta ƙare ranar da aka buɗe bututun nan. Kuɗin da ake sa ran zai biya malamai da likitoci daga tankunan da ke kan yashin Seme yake fitowa, a gabashin shingayen Kwatano, wato ɓangaren da ke rama. Dokar 1982 ta ba ƙasa irin tamu haƙƙin isa teku, amma ta bar sharuɗɗan ga yarjejeniya da maƙwabci, kuma mun ga yadda hakan ke zama idan an ɓata. Na tabbata tankunan za a kare su ko da nawa ne. Wanda ban tabbata ba shi ne ƙauyen da ke gaba da su. Ba kuma sai mun je bakin teku za mu ga irin wannan ba: damunar 2024 da ta rushe tsohon masallacin Birni ta nuna mana unguwanni nawa aka yanka a kan hanyar ruwa da bakin tabkuna.

Dawowa ta arewa na yi. Kar, wato babbar bas, daga Kwatano, jika goma sha huɗu, Bohikon, Dasa, Paraku inda na ci sakwara da wagashi, Kandi, sai Malanbil cikin dare. Na kwana a kan benci a tasha, sauro ya yi yadda ya so da ni. Da safe kabu-kabu ya kai mu bakin kogi. Gadar tana nan lafiyarta lau, an toshe ta, mu kuma ga mu a ƙasa ana lissafa mu cikin kwale-kwale da buhuna da babura da wata tsohuwa mai ciwo da 'ya'yanta suka ɗauko. Kuɗin haye, kuɗin ɗan dako, kuɗin wannan da na wancan, sai da jika biyar ta tafi kafin in taka Gaya. Wani matashi da ke kusa da ni ya ce man ma ta nan yankin yake tsallake kogin, shi dai ba a sauke shi. Mai tuƙi ya ce ya rufe baki ya zauna daidai kada ya kifar da mu.

Daga Gaya zuwa gida doguwar hanya ce da kowa ya sani, Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Tasawa, jandarmomi na hawa suna sauka. Na isa na tarar famfonmu bai kawo ba tun tafiyata.

Baba Alhaji ya haɗo ni da saƙo. Ya ba ni kuɗi a ƙulle, ya ce in nema masa fili a Damagaram, yana so ya dawo gida ya ƙarasa. Sharaɗinsa ɗaya: in je da kaina bayan ruwan sama mai ƙarfi in ga inda ruwa ke bi kafin in biya ko dala. Na samu wurare biyu, ɗaya kan hanyar Tanut, ɗaya wajen hanyar Mirya. Na kan tudun ya fi kuɗin da ya ba ni da kusan rabi, mai shi kuma ya ƙi ragi. Na kira na gaya masa, ya ce in jira damuna.